Sikelin Aro

Litinin. Zafin Sakkwato ya sauko tun hantsi,
fankar ajinmu ta yi shiru tun bara.
Na ɗauki alli na zana x a allo,
yara sittin da biyu suka zuba mini ido
kamar na shigo musu da baƙo ba sallama.

Jelani ya ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malam, wanga harafi ɓatan kai ya yi?
Ajin Turanci yana can gaba."
Aji ya ɗauki dariya, ni ma na dara,
amma da dare na yi ta juyi, barci ya ƙi.

Talata da sassafe na bi ta kasuwa
wurin Bunu mai sayar da ƙusa,
na ari tsohon sikelinsa mai faranti biyu.
"Kafin la'asar," in ji shi,
"ƙusa ba ta auna kanta."
Mai shayin Mabera ya tara mini marafan kwalba,
na ɗaure komai a bayan babur,
ina tafe yana ƙara kamar garken awaki.

Farantin dama: marafa goma sha ɗaya.
Na hagu: huɗu, da 'yar jakar fata, bakinta a ɗaure.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta tsaya a tsakiya.
"Ga baƙonku na jiya, yana cikin jaka.
Ba a taɓawa, ba a leƙawa.
Nawa ne?"

Luba, mai yi wa innarta canjin awara,
ta ce, "A ɗauke huɗun nan mu gani."
Na ɗauke. Dama ta rinjaya har ƙasa.
"Haba Malam, ina adalci?
Abin da ka yi wa hagu, ka yi wa dama!"

Shekara tara ina neman wannan jimla
a littafin koyarwa mai bangon kore,
ashe tana bakin kaskon suya.

Na kwashe huɗu daga dama. Allura ta dawo gida.
"Bakwai!" Har tantabarun rufin kwano suka tashi.
Na kwance jaka ina taƙama,
muna ƙirgawa da murya ɗaya:
huɗu, biyar, shida.

Shida.

Na juya jaka, na kakkaɓe, na leƙa ƙarƙashin tebur.
Gumi ya bi mini gadon baya.
Jelani ya ce a hankali, "Baƙon ya ci ɗaya."

Sai Ige,
wadda tun zangon farko ban san muryarta ba,
ta taso tana jan silifas.
Ta share farantan duka biyu,
ta aza jakar, wofi, a hagu,
ta aza murfi guda a dama.
Allura ta tsaya cak.
"Ita ma jakar tana da nauyi," ta ce,
tana kallon yatsun ƙafarta.

Ban ce komai ba. Na miƙa mata alli.
Ta yi ɗage, ta rubuta ƙanana:
x da huɗu da ɗaya, daidai da sha ɗaya.
An kaɗa ƙararrawar tashi,
ba wanda ya nemi jakarsa.
Modi yana so a ɓoye wasu marafan,
shi zai gano su, kada kowa ya faɗa.

Sai bayan magariba na mai da sikeli.
Bunu ya ɗaure fuska: "Me kuka auna haka?"
Na ce, "Ni aka auna. Na gaza da murfi guda."

Na ce, "Gobe za mu sauka ƙasa da sifili,
ko za ka ara mini littafin bashinka?"
Ya tura shi ƙarƙashin buhu, ya zauna a kai.
"Wanga ba ya aruwa, Malam.
Sunanka na shafi na uku."